Dabarun Tattaunawa da Sasantawa: Daga Ciniki a Kasuwa Zuwa Ceton Wanda Aka Yi Garkuwa da Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya bi Titin Zariya da hantsi, ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi Unguwa Uku, ko ya karkata zuwa Kasuwar Tarauni da kasuwar wayoyi ta Farm Centre, abin da zai fi ji shi ne muryar masu ciniki. Wannan yana tayawa, wancan yana cewa albarka, dillali yana tsakani yana sassauto da kowa. A titin Kotu da ke wannan unguwa kuma akwai kotunan majistare, inda sau da yawa ake ƙarasa cinikin da aka ƙulla ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ya nuna cewa tattaunawa aba ce da muke yi kullum, ko da kuwa ba mu ɗauke ta a matsayin ilimi ba.

A 'yan shekarun nan wata irin tattaunawa mai ɗaci ta shigo rayuwar al'ummar Arewa, wato magana da masu garkuwa da mutane. Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin mazauna karkara, da masu unguwanni, da dagatai, da kansiloli, da ma'aikatan ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, waɗanda su ne mutanen farko da ake bugawa ƙofa idan abu ya faru. Za mu bayyana ƙa'idojin da suka haɗa ciniki da ceton rai, da inda suka rabu, da darussan da aka koya daga abubuwan da suka auku, sannan da matakan da ya kamata a bi.

Ma'anar Tattaunawa

Tattaunawa, a ma'anar da muke nufi a nan, ita ce zaman magana tsakanin ɓangarori biyu ko fiye, waɗanda kowannensu yake riƙe da wani abu da ɗayan ke buƙata, da nufin cimma matsaya. Idan an yi ta kan kaya da farashi, sunanta ciniki. Idan an yi ta don kashe rigima, sunanta sulhu. Idan kuwa wani ya riƙe mutum da ƙarfi yana neman a biya masa wata buƙata, to wannan ita ce tattaunawar ceto, kuma aiki ne na jami'an da aka horar.

Masana harkar tsaro sun kasa garkuwa da mutane gida biyu. Na farko shi ne wanda aka san inda mai laifin yake, jami'an tsaro sun kewaye wurin, kamar ɗan fashin da aka rutsa a banki ya kama ma'aikata ya yi garkuwa da su. Na biyu shi ne wanda aka ɗauke mutum aka kai shi wani wuri da ba a sani ba, ana magana ta waya kawai. Wannan na biyun shi ne ya fi addabar yankinmu, kuma ya fi wuya, domin masu laifin ne ke zaɓar lokacin kira da lokacin yin shiru.

Gadon da Muka Tarar

Bakano ba baƙo ba ne a fagen ciniki. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi take karɓar fatake daga Agadas, da Borno, da Gwanja, da ƙasashen Larabawa. Baƙon da ya zo da kaya ba ya jin harshen gari, bai kuma san mai gaskiya da maƙaryaci ba, saboda haka sai ya sauka a gidan fatoma. Fatoma ne ke ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ɗauki kayan bashi. Jarin fatoma shi ne sunansa. Ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa Gwanja. Da irin wannan tsari ne Hausawan Sabo ta Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro shekara da shekaru, kuma a cikinsa ne attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka taso.

A tarihin Musulunci ma akwai babban darasi a Sulhun Hudaibiyya, wanda aka ƙulla a shekara ta 6 bayan Hijira. Wakilin Ƙuraishawa, Suhailu ɗan Amru, ya ƙi yarda a rubuta laƙabin manzanci a takardar yarjejeniya, Annabi (SAW) kuma ya amince a rubuta sunansa da na mahaifinsa kawai. Ya kuma yarda Musulmi su koma Madina ba tare da sun yi Umara a wannan shekara ba. Wasu sahabbai sun ga kamar an ƙware su. Amma abin da aka samu a madadin haka shi ne tsagaita yaƙi da damar isar da saƙo, kuma bayan shekara biyu aka buɗe Makka. Abin lura a nan shi ne an sassauta kan lafazi, aka riƙe manufa.

Yadda Ilimin Ya Samo Asali a Duniya

Tattaunawar ceto ta zama fanni mai zaman kansa ne bayan abin da ya faru a gasar Olamfik ta birnin Munich na ƙasar Jamus a watan Satumba na 1972, inda aka yi garkuwa da 'yan wasan Isra'ila, yunƙurin ceto da ƙarfi ya ci tura, mutum 11 daga cikin tawagar suka mutu. Ganin haka, rundunar 'yan sandan birnin New York a Amurka ta kafa sashen masu tattaunawa a 1973, ƙarƙashin jagorancin Harvey Schlossberg, ɗan sandan da ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam, da Frank Bolz. Tsarinsu mai sauƙi ne: a killace wurin, a hana hayaniya, a buɗe hanyar magana, a ja lokaci har zuciya ta huce.

Daga baya hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta tsara abin a matsayin tsani mai hawa biyar. Hawa na farko sauraro da kyau. Na biyu nuna wa mutum cewa an fahimci halin da yake ciki. Na uku samun jituwa. Na huɗu fara yin tasiri a kan tunaninsa. Na biyar kuma shi ne sauyin hali, wato ya saki wanda ya riƙe ko ya miƙa wuya. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallakewa zuwa hawa na biyar tun a kiran farko.

A ɓangaren kasuwanci kuwa, malaman Jami'ar Harvard biyu, Roger Fisher da William Ury, sun wallafa wani littafi a 1981 wanda ya zama abin karantarwa a makarantun koyon kasuwanci. Jigon koyarwarsu shi ne a raba mutum da matsala, a dubi buƙata maimakon matsayin da mutum ya kafe a kai, a kuma san mafitar da ake da ita idan ciniki bai faɗa ba.

Ginshiƙan da Suka Haɗa Fannonin Biyu

Na farko, shiri kafin buɗe baki. Manomin da zai kai riɗi ko masara Kasuwar Dawanau, ya kamata ya san farashin makon jiya da na jiya, da kuɗin mota, da na lebura, da la'adar dillali, sannan ya yanke wa kansa mafi ƙarancin abin da zai karɓa. Wanda ya shiga kasuwa bai san wannan ba, farashin da aka fara ambata masa shi zai zauna masa a kai, ko da kuwa ya yi nesa da gaskiya. Haka jami'in ceto yake fara tattara bayani: wane ne aka ɗauka, wace cuta gare shi, wa ya san zirga-zirgarsa, su wa ke kira, kuma wa ke yanke hukunci a cikinsu.

Na biyu, sauraro. Mai yawan magana a ciniki shi ke tona asirin kansa. Da zarar mai saniya a kasuwar Wudil ya ce matarsa na asibiti yana son kuɗi yau, ya riga ya karya farashinsa da bakinsa. Gwanin tattaunawa yakan yi tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a, irin su "yaya kake ganin za a yi?", sannan ya yi shiru. Yakan kuma maimaita wa mutum ƙarshen maganarsa, domin ya ji an saurare shi, ya ƙara bayani.

Na uku, bambance matsayi da buƙata. Bari mu ɗauki misali. Mai kanti a Gyaɗi-Gyaɗi ya ce sai an biya shi Naira 600,000 kuɗin hayar shekara, ɗan haya ya ce ba zai wuce 450,000 ba. Waɗannan matsayi ne. Idan aka bincika, mai yiwuwa mai kantin yana son kuɗi a dunƙule ne saboda gyaran rufi kafin damina, shi kuwa ɗan haya tsoronsa kada a tashe shi bayan ya tara abokan ciniki. Da an gano haka, sai a iya daidaitawa kan ɗan haya ya ɗauki nauyin gyaran rufi, a rage masa kuɗi, a kuma rubuta masa shekara uku. Kowa ya samu abin da ya dame shi, alhali da an tsaya kan lamba kawai da an rabu dutse a hannun riga.

Na huɗu, mafita ta biyu. Ƙarfin mutum a ciniki yana tattare da abin da zai yi idan an ƙi tayinsa. Manomin da ke da rumbu mai kyau yana iya ɗaukar hatsinsa ya koma gida, saboda haka ba a matsa masa. Mai tumatir ba shi da wannan dama, don haka ya kamata ya nemi masu saye biyu ko uku tun kafin ya tsinka.

Na biyar, lokaci. Gaggawa makamin mai son ya ƙware ka ce. Idan dillalin fili ya ce wani Alhaji na hanya da kuɗi, sai a biya yanzu ko a rasa, to lokacin da ya kamata a ja da baya ke nan. A tattaunawar ceto ma, wa'adin da masu laifi ke gindayawa hanya ce ta rikita iyali. Jami'an da suka ƙware ba sa yi wa wa'adi izgili, ba sa kuma bari ya kore musu hankali.

Na shida, tabbaci. Hausawa sun hana cinikin biri a sama. Ba a biyan kuɗin fili sai an taka shi an ga iyakokinsa, an kuma bincika takardunsa. A harkar garkuwa, makwafin wannan shi ne tabbacin cewa mutumin yana raye kuma yana hannun mai kiran.

Na bakwai, mai shiga tsakani. Lokacin da aka tsare Amurkawa 52 a birnin Tehran na Iran tsawon kwana 444, daga Nuwamban 1979 zuwa Janairun 1981, ƙasar Aljeriya ce ta shiga tsakani har aka sake su, domin ɓangarorin biyu sun amince da ita. Sharaɗin mai shiga tsakani shi ne kada ya kasance yana da riba a tsawaitar rikicin.

Inda Ciniki da Garkuwa Suka Rabu

Wajibi ne mu ja hankali a nan, kada kamancen da muka kawo ya ruɗi wani. A ciniki, ɓangarorin biyu sun zo ne da yardarsu, kowa yana iya tashi ya tafi, kuma idan an saɓa alkawari akwai kotu. A garkuwa, ɓangare ɗaya mai laifi ne, iyali ba su da ikon tashi su tafi, kuma babu alƙalin da zai tilasta wa ɗan bindiga cika alkawari. Ciniki mai kyau yana haifar da wani cinikin, kowa ya ƙaru. Kuɗin fansa kuwa yakan koma sayen makamai da babura, a sake dawowa a ɗauki maƙwabci. Wannan ne ya sa a watan Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙudurin gyaran doka da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa, lamarin da ya jawo muhawara mai zafi, inda wasu suka ce bai dace a hukunta iyalin da ke cikin tashin hankali ba. Ko ma dai mene ne ra'ayin mutum, abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne cewa iyali kada su tunkari lamarin su kaɗai.

Darussa Daga Abubuwan da Suka Faru

A watan Janairun 2012 aka sace wani injiniya ɗan ƙasar Jamus, Edgar Raupach, a wurin aikin hanya a wajen birnin Kano. A ƙarshen watan Mayu na shekarar, yayin da jami'an tsaro suka kai samame gidan da ake tsare da shi a Ɗanbare, masu tsaronsa suka kashe shi. Kafin wannan, a ranar 8 ga Maris 2012, irin haka ta faru a unguwar Mabera ta Sakkwato, inda aka kashe wani Baturen Ingila da wani ɗan Italiya yayin yunƙurin ceto su. Darasi: amfani da ƙarfi shi ne lokaci mafi haɗari ga wanda ake tsare da shi. Idan jami'an da ke da horo da kayan aiki za su iya gamuwa da haka, to matasan gari da bindigar toka bai kamata su yi gaban kansu ba.

A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. Ranar 17 ga watan aka sako yara 344, bayan tattaunawar da gwamnatocin Katsina da Zamfara suka ce shugabannin ƙungiyar Miyetti Allah sun taimaka a cikinta. An yi nasara cikin kwana shida saboda an samu masu shiga tsakani da suka san harshe da halin mutanen dajin. Amma labarin yana da wutsiya. Jagoran da ya shirya satar, Auwalu Daudawa, ya ajiye makami a Gusau a watan Fabrairun 2021, ya koma daji cikin watan Afrilu, inda aka kashe shi ba da jimawa ba. Haka kuma sulhun da gwamnatin Katsina ta yi da 'yan bindiga a 2016 da 2019 bai ɗore ba. Darasi: ceto rai abu ne daban, zaman lafiya mai ɗorewa abu ne daban, kuma yarjejeniyar da ba ta da mai sa ido da hukuncin saɓawa ba ta daɗewa.

A ƙarshen watan Mayun 2021 aka sace ɗaliban wata makarantar Islamiyya a garin Tegina na Jihar Neja, ba a sako su ba sai ƙarshen watan Agusta. A tsakanin haka iyaye sun sayar da kadarori sun tara kuɗi, masu garkuwar suka karɓa, suka ce bai cika ba, suka riƙe wanda ya kai kuɗin, suka kuma ƙara sabuwar buƙata. Darasi: biya ba ya nufin saki, kuma ɗan aike ma yana iya zama wanda za a nemi fansarsa.

A nan Kano, kisan yarinya Hanifa, mai shekara biyar, ya girgiza kowa. An sace ta a watan Disamban 2021, aka nemi Naira miliyan 6, kuma bincike ya nuna cewa an ci gaba da neman kuɗin bayan an riga an kashe ta. Wanda ya aikata shi ne mai makarantar da take karatu. Jami'an tsaro sun kama shi a watan Janairun 2022 ta hanyar bibiyar maganar kuɗin fansar, Babbar Kotun Jihar Kano kuma ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin 2022. Darussa biyu ne a nan: muhimmancin neman tabbacin rai, da kuma gaskiyar karin maganar nan cewa da ɗan gari kan ci gari.

Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris 2022, an riƙa sakin fasinjoji kashi-kashi, har zuwa watan Oktoba da aka sako 23 na ƙarshe. A watan Satumba na shekarar, hukumar tsaro ta DSS ta kama ɗaya daga cikin waɗanda suka shiga tsakani a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, daga baya aka gurfanar da shi a kotu. Ba hurumin wannan shafi ba ne ya yanke hukunci kan shari'ar, amma ya isa gargaɗi ga duk mai sarauta ko malami: kada a karɓi aikin shiga tsakani ba tare da sanin hukuma da izininta ba. Idan aka kwatanta, sakin 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016 da wasu 82 a Mayun 2017 ya gudana ne da amincewar Gwamnatin Tarayya, tare da taimakon gwamnatin Suwizalan, da ƙungiyar agaji ta Red Cross, da lauya Zannah Mustapha na Maiduguri.

Abin da Iyali Za Su Yi

Hare-haren da aka kai wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa a 2025 sun nuna cewa wannan bayani ya shafe mu kai tsaye. Idan Allah Ya jarrabi wani gida, muna ba da shawarar waɗannan matakai:

1. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ofishin DSS nan take, ko a kira lambar gaggawa ta ƙasa, 112. A kuma sanar da mai unguwa ko dagaci cikin sirri. Masu garkuwa kan yi barazana kada a faɗa wa hukuma, domin sun san wanda aka keɓe shi kaɗai ya fi sauƙin juyawa.

2. A zaɓi mutum ɗaya mai sanyin zuciya ya riƙa amsa waya. Kada ya zama uwa, ko uba, ko mata, domin kukan ɗa a waya yana iya sa su faɗi abin da bai kamata ba. Ya fi kyau ya zama wanda zai iya cewa sai ya koma ya shawarci manya, saboda wannan yana ba da sarari.

3. A keɓe waya ɗaya, a riƙa yi mata caji, a kuma ajiye littafi a rubuta ranar kowane kira, da lokacinsa, da lambar da aka kira da ita, da abin da aka faɗa, da duk wani sauti da aka ji a bayan murya.

4. A nemi tabbacin rai. A roƙi a ji muryar mutumin, ko a yi tambayar da shi kaɗai ya san amsarta. Akwai 'yan damfara da kan ji labarin ɓatan mutum su kira suna neman kuɗi alhali ba ya hannunsu.

5. Kada a yi zagi, ko barazana, ko alkawarin da ba za a iya cikawa ba. A riƙa ambaton sunan wanda aka ɗauka, da 'ya'yansa, da maganin da yake sha, domin a tuna musu cewa mutum ne.

6. Kada a sa hotonsa, ko muƙaminsa, ko maganar tara kuɗi a Facebook ko WhatsApp. Su ma masu laifin suna bibiya, kuma duk abin da ya nuna iyalin suna da hali yana tsawaita tsarewar.

7. A taƙaita masu sanin abin da ake ciki. Ba kowane mai zuwa jaje ne ya kamata ya ji shawarar da aka yanke ba.

8. Bayan an dawo da shi, a kai shi asibiti a duba lafiyarsa. Rashin barci, da firgita, da yawan shiru abubuwa ne da ake gani, kuma akwai likitocin da ke kula da haka a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan Titin Zariya da kuma asibitin Dawanau. Mace da ta dawo tana buƙatar rufin asiri da tallafi, ba tsegumi ba.

Nauyin da Ke Kan Shugabannin Al'umma

Aikin mai unguwa da dagaci da kansila ba shi ne ɗaukar waya su yi ciniki da 'yan bindiga ba. Aikinsu shi ne su haɗa iyali da hukuma cikin gaggawa, su kwantar da hankalin jama'a, su hana yaɗa jita-jita, su kuma hana ɗaukar doka a hannu. Sau da yawa bayan an sace mutum zargi kan faɗa kan baƙo, ko makiyayin da ke kusa, ko wani da ake da tsohuwar gaba da shi. Hukunta wanda bai ji ba bai gani ba zalunci ne, kuma yana iya jefa ran wanda ake tsare da shi cikin haɗari. Duk wani zargi a miƙa shi ga masu bincike.

Har ila yau, rigakafi ya fi magani. Masu unguwanni a mazaɓun Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu, da Darmanawa, da Daurawa, da sauran sassan Tarauni inda gidajen haya suke da yawa, ya kamata su san wanda ya shigo unguwa da wanda ya tsaya masa. Dillalan gidaje su daina ba da haya ga wanda ba a san asalinsa ba saboda kwaɗayin la'ada. Makarantun boko da na Islamiyya su tsara wanda aka yarda ya ɗauki kowane yaro.

Ƙulla Ciniki da Warware Saɓani

A ɓangaren kasuwanci, yawancin ƙararrakin da ke cika kotuna sun samo asali ne daga maganar baka da ba a rubuta ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni ne da rubuta bashi da kafa shaidu. Shari'a ta kuma hana ɓoye aibin kaya, da yin ciniki a kan cinikin wani, da taya kaya da tsada ba don a saya ba sai don a ruɗi mai saye. Saboda haka, duk cinikin da ya shafi fili, ko gida, ko gona, ko bashi mai nauyi, a rubuta sunayen ɓangarorin, da bayanin kaya, da farashi, da ranar biya, da abin da zai biyo baya idan an saɓa. A fayyace matsayin kafin alƙalami, ko ana mayarwa idan an fasa ko ba a mayarwa. A kuma yanke la'adar dillali tun farko. A tuna cewa bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sauya mallakar filin da ke da takardar shaidar mallaka ta jiha yana buƙatar amincewar Gwamna, don haka takardar da aka rubuta a zaure kaɗai ba ta wadatar ba.

Idan saɓani ya taso, ba dole ne a fara da shari'a ba. Akwai shugabannin kasuwa da masu unguwanni. Akwai Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, kuma sulhu yana cikin manyan ayyukanta. Akwai kuma cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Jihar Kano, wadda aka buɗe a 2009, inda ake zama da mai shiga tsakani a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba. A matakin tarayya, dokar sasanci da shiga tsakani ta 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988, ta kuma ƙara wa yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar sulhu ƙarfi a gaban kotu.

Kammalawa

Ko a rumfar kasuwa ko a kan wayar da ran ɗan'uwa ya rataya a kanta, abubuwan da ke ceton mutum ba su canzawa: ya shirya kafin ya yi magana, ya saurara fiye da yadda yake faɗa, ya nemi tabbaci, kada ya bari a kora shi da gaggawa, ya kuma nemi amintaccen da zai tsaya masa. Bambancin shi ne ciniki kowa yana iya yin nasa, amma maganar garkuwa sai da hukuma. Muna roƙon hakimai, da dagatai, da limamai, da jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomi su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su da damar karanta shi, a majalisu da masallatai da ranakun kasuwa. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.